Shirun Majinyaci da Littafin Adrian Owen

Mu ma'aikatan rediyo mun san cewa in tasha ta yi shiru, ba lallai ne a ce babu kowa a ɗakin watsa shiri ba. Wataƙila mai gabatarwa na ta magana, na'urar aikewa ce ta mutu. Da wannan tunani na karanta Into the Gray Zone, littafin da masanin ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Adrian Owen, ya fitar a 2017.

Ƙashin bayan littafin gwajin da aka wallafa a 2006 ne. A Kambirij, an sa wata mata mai shekara 23, wadda hatsarin mota ya bari ba motsi ba magana, cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Aka ce ta raya a ranta tana buga tanis, sannan tana zagaya ɗakunan gidanta. Sassan ƙwaƙwalwarta suka amsa kamar na masu lafiya. A nan Owen ya ci yabo: ya nuna mai kwance shiru na iya kasancewa cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Inda nake da ja shi ne, labarin waɗanda suka amsa ya fi tsayawa a ran mai karatu. A binciken 2010, cikin majinyata 54, biyar kacal suka iya wannan. Sauran fa? Gwajin na buƙatar ji, da fahimtar harshe, da tattara hankali. Wanda ya rasa ɗaya zai faɗi, ko da yana sane. Amsa hujja ce, rashinta ba hujja ba ce.

Shi ya sa nake ganin aikin Marcello Massimini na Milan ya cike giɓi. Su suna girgiza ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, kwamfuta ta lissafa yadda amon ya bazu tsakanin sassanta. In ya watsu da sarƙaƙiya, alamar sani ce. In ya mutu nan take, ko ya maimaita kansa, kamar barci mai nauyi ke nan. Ba a tambayar majinyaci komai.

Duk da haka, ku nemi littafin. Tun da na gama shi, in na je dubiya na tarar ana tattauna makomar maras lafiya a gefen gadonsa, sai in roƙa a fita waje.