Kalmar "Very" da Matsalar Fassararta Zuwa Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan kalmar "very" ta Ingilishi, da irin riƙon sakainar kashin da masu fassara suke yi mata. Turawa sun aro ta ne daga tsohon Faransanci a wajajen ƙarni na 13, kuma tushenta "verus" na Latin, watau gaskiya. A ƙarni na 14, zamanin Chaucer, sifa ce mai ma'anar "na haƙiƙa". Daga baya ne ta rikiɗe ta zama bayanau mai ƙarfafa ma'ana. Hausa ma ta bi wannan turba, domin "gaske" ce ake ji a cikin "babban gaske" da "ƙwarai da gaske".

Sai dai kama da wane ba ta wane. A Ingilishi "very" tana zuwa kafin sifa ko bayanau, ba ta raɓar aikatau sai da rakiyar "much". Ita kuwa "ƙwarai" a baya take zuwa, kuma ba ta ƙyamar aikatau, kamar a "ya gaji ƙwarai". Daga nan ne kuskuren ɗalibi mai cewa "I very like it" yake tasowa.

Babbar illar tana a fagen fassara. Da zarar mai fassarar labarai ya ci karo da "very", sai ya ɗauko "sosai" ko "ƙwarai", ya liƙa, ya wuce. Sakamakon haka ake jin "fari sosai" da "tsoho ƙwarai". Nahawu bai hana su ba, amma lami ne. Bahaushe cewa yake yi fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, tsoho tukuf, sabo ful. Aikin da kalma ɗaya take yi a Ingilishi, Hausa ta rarraba shi a tsakanin amsa-kama masu yawa, kowace da abokin zamanta, don haka ba a cewa "baƙi fat". Paul Newman ya nazarci matsayin waɗannan kalmomi a jimla tun 1968, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su. Hujjar rashin madogara ba ta taso ba ke nan. Gaggawar ɗakin labarai ce, da kuma tsarin koyarwar da ya saba wa ɗalibi da musayar kalma da kalma.

Ba a ce a yi watsi da "ƙwarai" ba. Inda babu amsa-kama, kamar a "muhimmi ƙwarai", ita ce ta dace, ko "matuƙa" ko "ainun".

Saura wuri ɗaya da tsohuwar ma'anar ta wanzu. A "the very man" babu batun ƙarfafa daraja ko kaɗan, tantancewa ake yi. Fassararsa ita ce "ainihin mutumin" ko "shi ɗin dai", kuma wanda ya sa "sosai" a nan ya sauya maganar ɗungurungum.