Mashayar Dublin, Zauren Talakan Ayalan

Baƙon da ya sauka Dublin yakan fara da babban gidan waya na titin O'Connell, inda 'yan kishin ƙasa suka yi wa mulkin Ingila tawaye a 1916. Da rana ta yi sanyi kuwa sai a ja shi mashaya, wadda suke kira pub, a ce masa nan zai ga mutanen Ayalan na gaskiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Mashaya a can ta daɗe tana aikin da zaure yake yi. A da, leburan da ke cunkushe da iyalinsa a ɗaki guda na haya, nan yake samun ɗumin wuta da labarin inda ake ɗaukar ma'aikata. A ƙauye kuma, a wancan zamani, mai mashaya shi ne mai kantin shayi da sukari, sau da yawa ma shi ke shirya jana'iza. Tsofaffin mashayu suna da wani ɗan lungu da aka kange da katako, sunansa snug, da 'yar taga da ake miƙo kofi ta cikinta, domin mata da limaman coci da ba sa son idon jama'a.

Kiɗan da ake yi a mashaya ne ya fi taɓa ni. Makaɗa ba sa hawa dandamali. A kusurwa suke zama, mai goge da mai sarewa da mai ganga, gwiwa na gugar gwiwa, wani ya ɗauko kiɗa saura su bi. Can sai wani dattijo ya rufe ido ya fara waƙa ba kiɗa, gida ya yi tsit. Yawancin irin waɗannan waƙoƙi na rabuwa da gida ne, kuma ba mamaki: yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura. A irin wannan zama, a mashayar O'Donoghue's, ƙungiyar The Dubliners ta taso a farkon shekarun 1960.

Sai dai akwai abin da masu tallar yawon buɗe ido ba sa faɗa. Al'ada ce kowa a teburi ya saya wa kowa, bi da bi. Karamci ne, amma idan mutum shida suka zauna, kofi shida ke jiran kowannensu, wanda ya zame kuma a kira shi marowaci. Albashin magidanta da yawa a nan ya narke, mata da yara suka kwana da yunwa. Mutanen Ayalan da kansu sun yaƙi wannan. A 1838 limamin coci Theobald Mathew ya fara kiran a bar giya daga birnin Cork, jama'a suka yi ta tururuwa suna ɗaukar alkawari a hannunsa.

Mai karatu, in Allah Ya kai ka Dublin, kada ka yarda a ce maka kwalba ce tarihin mutanen nan. Mutum-mutumin Mathew yana nan a titin O'Connell, tafiya kaɗan daga gidan wayar.