Shekarar 999: Tsokaci a kan Amfani da "Tarihin Kano" a Matsayin Hujja

Da wuya a buɗe wani nazari a kan ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa ba a tarar an kafa hujja da littafin "Tarihin Kano" ba, wanda H.R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908. Abin da ya kamata a yi wa tsokaci shi ne yadda manazarta ke ɗaukar shekarun da ke cikin fassarar tamkar yankan wuƙa.

Misali, an saba cewa Bagauda ya hau gadon sarauta a 999. Alhali kuwa littafin tsawon mulkin kowane sarki ya kawo; lissafi aka yi da baya-baya har aka isa ga wannan shekara. Ke nan idan mai kwafe ya yi kuskure a adadi guda, ko aka tsallake sarki ɗaya, duk shekarun da suka gabace shi sun goce. Ga shi kuma labarin ya gangaro har zamanin Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, wato tsakanin mai rubutun da Bagauda akwai tazarar kusan shekara 900. Murray Last (1980) da John Hunwick (1994) duk sun yi bitar wannan matsala, amma ɗalibai da dama har yanzu fassarar Palmer kaɗai suke dubawa.

Batun Wangarawa ya ƙara fito da abin fili. "Tarihin Kano" ya ce sun iso a zamanin Yaji (1349-1385 bisa lissafin Palmer), amma "Asl al-Wangariyyin", wanda aka rubuta a wajajen 1650, ya nuna zuwansu a zamanin Muhammadu Rumfa, kimanin shekara 100 bayan haka. Zamanin Rumfa kuwa yana da wani mashaidi daga waje, wato wasiƙar Al-Maghili, gatan da Bagauda bai samu ba.

Wannan bai rage darajar littafin ba. Sai dai kirarin sarakuna da sunayen sarautu da ke cikinsa, waɗanda wataƙila sun girmi labarin da aka saƙa a kewayensu, aikin masanin harshe suke jira. Palmer ya rubuta sunayen ba tare da bambance ƙ da k ba, balle tsawon wasali, don haka duk wanda ya ɗora nazarin asalin kalma a kan rubutunsa, ba tare da komawa ga kwafen Larabci ba, ya yi gini a kan rairayi.