Mayafin Bazara da Zanen Hunturu

Ran nan, cikin tsakiyar bazara, na shiga mota daga Gwarzo zan je birni, muka ɗauki wata baiwar Allah a Kabo da goyo a bayanta, tana sanye da hijabi baƙi mai santsi har ƙasa, irin wanda ake kira na roba. Kafin mu wuce Rimin Gado gumi ya riga ya jiƙa shi ya manne mata a wuya, jaririn kuwa sai tsala kuka yake yi ƙarƙashinsa kamar wanda aka rufe cikin tanda. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta ce, "'Yar nan, ɗaga masa ya sha iska mana." Ta amsa da ladabi, "Wallahi Inna, shi ake yayi, kuma ba ya son guga." Tun daga nan har muka sauka a Kabuga wannan magana ba ta bar zuciyata ba.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san kalandar Bature ba, amma duk wanda ya buɗe adakarta zai iya faɗin inda shekara ta kwana. Idan kaka ta wuce, buji ya taso daga gabas, ƙafa ta soma faso, sai ta fito da zanen saƙi mai kauri wanda aka rina da baba har shuninsa kan bar alama a kafaɗarta, ta haɗa da gwado na lulluɓin asuba, ta shafe jiki da man kaɗanya. Idan kuwa zafi ya kankama, sai ta ninke su duka ta mayar, ta ɗaura zane marar nauyi na zaren da ita da kanta ta kaɗa da mazari, wanda iska ke ratsa shi, ga shi kuma ba ya nuna jiki. Audugar daga gonakinmu take fitowa, masaƙa na unguwa ne, marina kuwa ba su da nisa, kuma sana'a ce mai daraja ƙwarai, har Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya shaida cewa tufafin ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu.

Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, atamfar Ingila da ta Holan suka cika kasuwa, sa'an nan masaƙar Kaduna ta soma aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa. Duk da haka ba a yi babbar hasara ba, domin atamfar wancan zamani auduga ce tsantsa, tana shan gumi, kuma tana ƙara laushi da wanki. Ɓarnar ta zo ne sa'ad da masaƙun nan suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL ta Kaduna, ta rufe a 2007, Kantin Kwari ya koma hannun yadin Sin, wanda galibinsa zaren roba ne da aka yi wa zanen atamfa.

Kada mai karatu ya zaci hijabi nake zargi, hasha. Suturar da ta yaɗu cikin matanmu tun bayan bunƙasar makarantun Islamiyya alheri ce, kuma sharaɗin da malamanmu na Malikiyya suka karantar cikin Risala, cewa tufar mace a salla ta zama mai yalwa wadda ba ta bayyana jiki, babu mai jayayya da shi. Amma babu inda aka wajabta roba, alhali kuwa cikin Suratun Nahli an ƙidaya tufafin da ke kare mutum daga zafi, da ɗumin da ake samu daga gashin dabbobi, cikin ni'imomin da Ubangiji ya yi wa bayinsa. Ashe kuwa tufar da ke dafa mai ita cikin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a ƙasar Kano, ta cika rabin maƙasudinta ne kawai.

Adalci ya sa in faɗi alherin yadin robar nan. Da marka, sa'ad da rana kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba, zanen auduga ya kan kwana a igiya yana warin danshi, shi kuwa na roba sha yanzu magani yanzu ne, ga shi da araha ga mai ƙaramin ƙarfi. Da hunturu ma ana lallaɓawa, a sa rigar sanyi ta gwanjo daga Ƙofar Wambai a ƙarƙashi, ko da yake idan aka zo tuɓewa da dare sai ka ji yana tartsatsi kamar ƙaiƙayi a wuta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Mafi yawan ɗinkin da mace ke samu a shekara na Salla ne ko na biki, Salla kuwa ba ta da zama ɗaya, tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu, cikin ƙuna, amma leshi mai duwatsu da shafi biyu aka sa aka tafi Idi, don mai gida ya saye shi ne bisa ga abin da idon maƙwabta zai gani, tela kuma ya ɗinka bisa hoton da aka nuna masa a waya. Mu maza muna da kaso babba cikin laifin nan, mu da muke tafiya kasuwar Getso mu tsaya muna duba haƙoran rago, amma yadin iyali ba ma ko murza shi tsakanin yatsu.

Roƙona ga telolin Gwarzo da Kabo, musamman mata masu keken ɗinki a cikin gida, shi ne su riƙa ajiye hijabin auduga mai haske tun daga watan Maris, su kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunta. Kai kuma mai gida, idan za ka sayo kayan Salla na bana, ka zari zare ɗaya daga bakin yadin ka kusantar da shi ga ashana: in ya zama toka, auduga ce, in ya narke ya dunƙule, ka mayar wa mai shi da kayansa.