Makaɗin Bayan Fage: Nasir Gwale da Matsayin Kiɗan Fiyano a Finafinan Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan waƙoƙin finafinai, sai dai akasarinsu sun tsaya ne ga jigo da salo da amsa-amo, kamar dai rubutacciyar waƙa ce ke gabansu. Ba safai ake waiwayar wanda ya tsara kiɗan ba. Wannan maƙala za ta dubi aikin Nasir Usman Ishaq Gwale, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen wannan sana'a a Kano, domin nuna cewa kiɗan fiyano ya taɓa harshen kansa. Abin da ya jawo hankalina ga batun shi ne zaman da aiki ya kawo ni Legas. A Agege na tarar da 'ya'yan Hausawa haifaffun wurin, waɗanda Yarabanci ya kama bakinsu, suna tsintar Hausa mai yawa daga waɗannan waƙoƙi a gidajen biki da teburan masu shayi.

2.0 Tasowarsa

Kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna, Nasir ya fara ne da ƙaramar fiyano ƙirar Casio a shekarun 1980. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan bidiyo sun buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, abin da tara makaɗan gargajiya da 'yan amshinsu ba zai bayar ba. Nasir ne ya yi kiɗan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994. Da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti da fiyano ƙirar Yamaha a 1996, sai aikin ya sami mazauni, matasa suka yi ta koyo. Zuwa lokacin da Sangaya ya fito, waƙa ta zama ita ke sayar da fim.

Gudummawarsa ta farko ta shafi zamantakewa. A al'adance kiɗa sana'ar gado ce, kuma ba a ɗauke ta da daraja ba. Fiyano ta ba ɗan makaranta da bai gaji kalangu ko kotso ba damar shiga sana'ar ba tare da an kira shi maroƙi ba.

3.0 Kiɗa da Harshe

A waƙar baka, harshe ne jagora. Mamman Shata yakan ja ɗan waƙa ko ya taƙaita shi yadda magana ta buƙata, makaɗansa su bi shi, kuma kalangu na iya kwaikwayon hawa da saukar murya. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa, na'ura ce ke riƙe da bugu, ba ta jiran kowa. Idan raujin daga fim ɗin Indiya aka aro shi, kamar yadda aka sha yi a wancan zamani, dole mawaƙi ya cusa kalmomin Hausa cikin ma'aunin da ba don su aka yanka ba.

Illar ta fi bayyana a wurare biyu. Na farko tsawon wasali: a ja gajeren wasali don cike gurbin bugu, har "gari" na zama ya yi kama da "gari" na tuwo. Na biyu karin sauti: rauji ya danne shi, a kasa bambanta "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya sai da taimakon jimla. Bakano zai gyara da kunnensa. Yaron Agege kuwa, abin da ya ji shi zai riƙe.

Ba za a ɗora wa na'ura laifin duka ba. King Sunny Ade ya haɗa jita da kayan kiɗan lantarki da gangar Yarabawa mai magana, harshen bai tauye ba. Ashe matsalar zaɓi ce.

4.0 Giɓin da Ya Rage

Sana'ar da Nasir ya buɗe ta bunƙasa ta fuskar waƙa, amma kiɗan da ke rakiyar labari, mai nuna fargaba ko juyayi ba tare da kalma ba, ya daɗe a baya. Suna da kuɗi suka tafi ga mawaƙa, makaɗi ya zama ɗan ƙwadago. Buɗe tashar Arewa24 a 2014 da yaɗuwar wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa sun rage rawa da waƙa, sun kuma ƙara buƙatar wannan nau'in kiɗa.

5.0 Kammalawa

Hanyar nazarin waƙar baka da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a 1993 ta tanadi gurbin makaɗi da kayan kiɗansa. Ya kamata a faɗaɗa ta zuwa finafinai, a tattauna da makaɗan farko tun suna iya ba da labari, a kuma auna rauji da karin sauti a waƙoƙin kowane zamani. Duk wanda ya nazarci waƙar fim daga takarda kaɗai, rabin aikin ya yi.