Ma'aunin Sabon Wasa a Dandali: Ban Dariya da Ban Tausayi

Duk malamin da ya saba duba takardun ɗalibai a kan wasan kwaikwayo ya san yadda sharhinsu yakan tafi. Za a kawo tarihin marubuci, a faɗi jigo, a warware shi, a jera 'yan wasa, sa'an nan a rufe da darussan da wasan ya koyar. Wannan tsari ya yi rana a aji, domin da shi aka daɗe ana koyar da Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu. Amma idan aka ɗauko shi don a auna sabon wasan da wata ƙungiya ta shirya ta nuna a dandali, sai a tarar ya tsallake ainihin abin da ya mai da wasa wasa. Jigo dai akwai shi a waƙa, akwai shi a ƙagaggen labari, har ma a huɗubar Juma'a. Abin da wasa ya keɓanta da shi shi ne mutum tsaye a gaban mutane yana magana da bakin wani, su kuwa suna mayar masa da martani nan take, ko da dariya, ko da tsaki, ko da shiru.

Wannan ɗabi'a ta manazarta tana da asali. Rubutaccen wasan Hausa a makaranta da gidan rediyo ya yi wayo. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, don faɗakarwa aka tsara shi. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi kuwa, wato Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960), a rediyo aka fara jinsu a Kaduna kafin su zama littafi. Daga makaranta aka gaji son darasi, daga rediyo kuma aka gaji ɗora wa baki dukkan aiki. A rediyo dole ne ɗan wasa ya faɗi cewa ga wane nan tafe, ko ya ce ransa ya ɓaci, tun da mai sauraro ba ya gani. Maƙarfi gwani ne a wannan fage, zancen mutanensa kamar an ɗauko shi daga zaure ko bakin kasuwa. Matsalar tana ga masu koyi da shi a yau, waɗanda sukan kwashe wannan salo ɗungurungum su hau dandali da shi, sai a ga mace ta tsaya ƙiƙam tana ba 'yan kallo labarin baƙin cikinta, alhali da ta ajiye akushin tuwo gaban miji da ƙarfi ta juya ba ta ce uffan ba, da an gama fahimta.

Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata a yi wa sabon wasa ita ce: me ya nuna wanda bai faɗa ba? Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sa'ad da suka mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasa, aka buga shi a 1975. A littafin, Shaihu ne zaune yana ba almajiransa labari. A dandali kuwa tilas uwar da ke neman ɗanta ta fito a gan ta da ido. Kowane marubucin wasa yana da irin wannan aiki a gabansa, ko da labarin nasa ne na kansa.

Inda ma'aunin jigo ya fi yin ɓarna shi ne wajen wasan ban dariya. Sau da yawa akan ɗauke shi ƙanen wasa, abin da ake sa wa a farkon biki don a jira manyan baƙi su iso. Mai sharhi in ya ga dama ya yabe shi, sai ya ce duk da barkwancin da ke ciki akwai darasi, kamar dai dariyar ƙaiƙayi ce da za a sheƙe a sami tsaba. Al'adar Hausa ba ta goyi bayan wannan ra'ayi ba. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu da halinsu, a gaban idonsu. 'Yan kama sukan yi shigar malamai su ɗauki muryar karatu, amma abin da suke karantawa tuwo ne da miya da nama. Yaran tashe, a watan azumi, sukan bi gida gida suna fito da gwauro da mai rowa da maigidan da ya kasa riƙe gidansa. A duk waɗannan, dariyar ita ce ke ɗauke da maganar, kuma ita ce lasisin faɗinta. In aka cire ta, abin da ya rage ba zai faɗu a gaban sarki ko malami ba.

To, da me za a auna wasan ban dariya? Da farko a duba daga ina dariyar ta fito. Akwai wadda ke fitowa daga faɗuwa da duka da gwalo da tsummokara, wadda ba a raina ta, sai dai ba ta kwana. Akwai kuma wadda ke fitowa daga hali, wato inda ɗan kallo ya riga ya san mutumin har yana hango abin da zai yi, in ya yi shi kuma dariya ta kece. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya gina Samanja a kan wannan. Da yake shi kansa ya yi aikin soja, ya san Hausar bariki ciki da waje, ya kuma san yadda mai ƙaramin muƙami yake cika baki a gaban na ƙasa da shi ya kuma ƙanƙance a gaban na sama. Mutanen da suka rayu a ƙarƙashin mulkin soja sun san abin da suke yi wa dariya. Abu na biyu shi ne lokaci. Magana ɗaya ce, in an yi saurin sakinta ta mutu, in an ɗan ja numfashi kafin a sake ta sai ɗaki ya ɗauka. Wannan ba ya cikin rubutu ko kaɗan, shi ya sa wanda ya karanta wasa a ɗakinsa bai isa ya yanke hukunci a kan ban dariyarsa ba.

Rabon wasa gida biyu, na ban dariya da na ban tausayi, daga Girkawan dauri ya zo ta hannun Turawa, kuma bai cika zama daram a kan wasannin Hausa ba. Jatau, attajirin da ya auro karuwa ya wulaƙanta iyalinsa saboda ita, abin dariya ne a yawancin wasan; ana dariyar rawar jikinsa har zuwa lokacin da dukiya ta ƙare, sai dariyar ta daskare a baki. Wannan juyi shi ne ƙarfin wasan, kuma shi ne abin da ya kamata a nema a sababbin wasanni masu nauyi. Mai kallo Bahaushe ba ya zama shiru na sa'a biyu don ladabi. Yana yi wa azzalumin miji Allah wadai da babbar murya, yana gargaɗin yarinya kada ta shiga motar Alhaji. Idan irin wannan taro ya yi tsit da kansa, to wasan ya taɓa wani wuri. Idan kuwa aka fashe da dariya a wurin da aka shirya don kuka, ba lalle ne laifin 'yan kallo ba ne; galibi marubucin ne ya nemi hawaye kafin ya sa a damu da mai kukan.

Wani gado da ya kamata a sa wa ido shi ne rufe wasa a gaban alƙali ko dattijo. Zaman shari'a yana da daɗin kallo, gardama ce mai ƙa'ida, kuma kowa yana fitowa da halinsa. Sai dai a hannun raggon marubuci ya zama mafaka: in ya rasa yadda zai kwance ƙullin da ya ɗaura, sai ya shigo da mai rawani ya yi wa'azin minti goma, a ja labule. Alƙalan gasa da malaman da ke ba da maki a kan darasi su ne ke ciyar da wannan ɗabi'a, domin ɗalibi ya gane cewa wa'azin nan shi ake biya.

Gaskiya ne dandali ya yi rauni tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a faifan bidiyo a 1990, ƙungiyoyin wasa da dama suka bi sahu suka koma fim. Duk da haka ba a daina rubutawa ba, ga Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino shaida, ba a kuma daina nunawa ba a jami'o'i da kwalejoji da bukukuwan ƙungiyoyin Hausa. Da yawa daga wasannin da ake nunawa ba su da rubutu ma sam. Haka ƙungiyar Yazi Dogo ta yi aiki a Damagaram: a zauna a tsara ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, zance kuwa ya fito a wurin gwaji, abin da Janet Beik ta yi nazarinsa a littafinta na 1987. Manazarcin da ke jiran a buga irin wannan wasa kafin ya ce wani abu zai daɗe yana jira. Dandalin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, yana ba da damar a zaunar da 'yan kallo kewaye da 'yan wasa, ta yadda mai sharhi zai iya kallon fuskar ɗan wasa da fuskokin waɗanda ke zaune daura da shi a lokaci guda.