Tausayi Ba Nazari Ba Ne: Koyar da Rubutun Nakasassu a Aji

Duk malamin adabin da ya taɓa miƙa wa ɗalibai rubutun da wani makaho ko gurgu ya yi a kan rayuwarsa ya san amsar da zai fara ji, wato "Allah sarki!" Daga nan sai aji ya yi tsit. Tausayi hali ne nagari, amma ba shi ne nazari ba. Marubucin da aka tsaya ga tausaya masa kawai, an tauye masa hakkinsa na a auna aikinsa kamar na kowa.

Mu ɗauki littafin Al-Ayyam na Ɗaha Husaini, marubucin Masar da aka haifa a 1889, ya rasu a 1973. Kashi na farko ya fito a 1929. Ɗaha ya makance tun yana ƙarami, bayan wani wanzami ya yi masa maganin ciwon ido. Duk da haka ya yi karatu a Azhar da Faransa, har ya zama ministan ilmi a 1950.

Tambaya ta farko ga ɗalibai ita ce, wa ke magana? Labarin Ɗaha ne, amma bai ce "ni" ba, sai ya riƙa kiran kansa yaron nan, kamar wani yake ba labari. A nan ɗalibi zai iya kafa hujja cewa wannan salo ya ba marubucin damar duban kansa daga nesa, ya kuma toshe ƙofar neman tausayi.

Tambaya ta biyu, ina ciwon yake? Akwai wurin da yaron ya ɗebi abinci da hannu biyu, 'yan'uwansa suka fashe da dariya, uwarsa ta yi kuka, ubansa ya yi masa gyara cikin sanyin murya. Tun daga ranar ya haramta wa kansa wasu abinci. Ɗalibi mai lura zai gane cewa abin da ya soke shi ba duhun ido ba ne, idon jama'a ne. Wannan ita ce gwanintar littafin.

Tambaya ta uku ita ce ɗalibai ke gudu: ina ka saɓa da marubucin? A kashi na biyu Ɗaha ya caccaki malaman Azhar, su kuwa ba su sami bakin kare kansu ba. A ganina ya yi tsanani, domin mai ba da labarin kansa shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. A raba aji gida biyu a yi muhawara, da sharaɗin kowa ya kawo hujjarsa daga cikin littafin.

Haka nan batun kalma. Nancy Mairs ta Amurka, a wata maƙalarta cikin littafin da ta fitar a 1986, ta zaɓi kiran kanta gurguwa, ta ƙi sunaye masu laushi. To, mu fa? Gurgu za mu ce, ko nakasasshe, ko mai buƙata ta musamman? Wa ke da ikon zaɓe, mai abin ko mai kallo?

'Yan'uwa marubuta, a yawancin labaranmu makaho ɗan bara ne a bakin masallaci, ba ya da murya sai ta roƙo. Ɗalibin da ya koyi jayayya da Ɗaha Husaini ba zai rubuta irin wannan makaho ba.